Takardar Su

Jika goma na ƙirga a ofishin gandun daji,
wani yaro mai koren kaki ya buga hatimi,
ya rubuta: Barmo, masunci, Madarunfa.
Ya ce idon taruna kada ya gaza yatsu uku.
Na ce to.

Takardar na cikin leda a ƙirjina,
kullum ta fi ni bushewa.

Da asuba na tura jirgi,
kacala ta tare ni tun daga gaɓa.
Bara a nan nake jefa birgi,
bana ciyawa ta fi ni tsawo,
ta toshe mashigin karfasa,
ta ba jan-baki masauki,
su kwana nan, su karya kumallo da geron Nomau.

Ita wa ya ba ta takarda?
Wane ofishi ta shiga, nawa ta biya?

Sarkin ruwa ya kira gayya ran Laraba.
Lauje da adda, mu arba'in, laka har ƙugu,
matsattsaku na karɓar nasu haraji a ƙwabrina.
Muka sare, muka tara, muka cinna wuta.
Kafin wata ya tsaya ta sake tofowa.

Jiya tarwaɗa bakwai.
Ƙanana biyu na mayar,
don doka, kuma don kakana haka yake yi
tun ba a san hatimi ba.

Hurera ta dubi ƙwarya, ta dubi kaskon suya,
ta zare itace biyu daga murhu.
Can da dare ta ce gobe in ɗauro mata kacalar,
ta ji wai tana saƙuwa tabarma.