Ranar Naira Dubu Uku

Tun da Alhaji Barau ya ɗora bene na biyu
rana ta daina shigowa ɗakina.
Da can takan leƙo da hantsi,
ta zauna bakin taga kamar 'yar gida,
ta shafa kan na'ana'a, ta duba ɗoɗɗoya,
sannan ta wuce Badarawa da harkokinta.
Yanzu bulo ne ke gaishe ni.

Mako uku, attaruhun da na dasa a bokitin fenti
ya yi wuya kamar zalɓe,
ya karkace yana neman abin da babu.
Ganyen ɗoɗɗoya ya koɗe
kamar atamfar da ta sha wanki.
Uwani ta ce, Inna, a fitar da su waje mana.
Waje na awakin mai gidan haya ne, 'yata.
Na gwada sau ɗaya.
Bokitin kaɗai suka bar mini.

Ran Laraba na tari keke zuwa Panteka,
dubu biyar a ƙasan jaka, har da kuɗin komowa.
Haladu mai kayan wuta ya saurare ni
yana sosa kunne da sukundireba.
Ya ciro wata daga kwali mai hoton tumatir,
irin jan da ban taɓa gani a kasuwa ba.
Ya jona. Rumfa ta koma shunayya,
haƙoransa ma shunayya.
Dubu ashirin da biyu, Hajiya.
Na ce ban je Makka ba tukuna,
kuma in na rataya wannan a taga
samarin layinmu za su jeru a ƙofa,
su ce na buɗe shagon aski.

Ya miƙo tsohon ƙwai mai zare a ciki. Ɗari biyar.
Na san shi, shi muke kunna wa 'yan tsaki.
Zai dafa mini ganye tun ban ɗora tukunya ba,
mita kuma ta kwana tana tsuwa.

Ta ukun daga ƙarƙashin benci ta fito,
doguwa, siririya, babu kwali, babu hoto,
ƙura a jikinta.
Ya ce kawo bayan hannunki.
Na kai. Haske fari fat, zafi kuwa babu.
Wat ashirin ce, ba ta da ci.
Akwai wani ɗalibin makarantar noma ta Mando,
shi ke kwashe su, ya ce taƙi biyu sama da ganye,
in dare ya yi a kashe,
wai tsiro ma yana barci.

Dubu huɗu.
Biyu da rabi.
Albarka.
Na juya, na ƙirga taku bakwai kafin ya kira ni.
Uku, da waya yadi biyu, ya sallama
yana rantsuwar ko uwar kuɗi bai mayar ba.

Da igiyar shanya muka ɗaure ta.
Uwani ta jingina murfin tukunya a bango
don kada haske ya zube a banza.
Abin da Haladu bai faɗa ba:
'yan Nefa ne masu fitowar wannan rana da faɗuwarta.
Wata rana gari ya waye mana ƙarfe biyun dare,
wata rana magariba ta faɗo tun kafin azahar.
Na koyi barci da kunne ɗaya a kan firji,
da ya yi gurnani, in tashi in kunna.

Kwana tara, babu labari.
Na goma, ga ganye biyu a kan na'ana'a,
ƙanana kamar kunnen ɓera.
Na murza ɗaya, na yini ina shinshina yatsa
har a cikin aji, yara suna kallona.

Jiya da la'asar yaron Alhaji Barau ya yi sallama,
wai Baba na mura, ko za a samu na'ana'ar shayi?
Na ɗaga kai. Ga rana can kan benensu
tana shanya kanta, babu mai kula ta.
Na yanko reshe huɗu.
Na mayar da ɗaya cikin ruwa, zai yi saiwa.
Na ce a gaishe shi da jiki.