Bargon Golapi

A Jamalpur damina ta haɗiye hanya,
kogi ya zo bakin ƙofa ya tsuguna.
Golapi ta shimfiɗa tsofaffin zannuwan sari biyar,
ɗaya bisa ɗaya,
ta danne kusurwa huɗu da tubali.

Ba ta sayi zare ba.
Daga gefen zanen mahaifiyarta take zaro shi,
ja, siriri, da sauran warin hayaƙi.

Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba,
amma ga kifi na iyo a tsakiyar bargo,
ga kwalekwalen mijinta Tofazzal
da ruwa ya ara bai mayar ba.
Ta ɗinka masa fitila,
wadda ba shi da ita a daren nan.

Jikarta Shefali ta karɓi allura,
sūka uku, ta huda yatsa.
"Kaka, wa ya koya miki?"

Tsohuwa ta gatsa zare.
"Sanyi," in ji ta.
"Sauran kuwa, hannu ne ya zo da abinsa."

Ɗan birni ya taya, ya ƙara, ya sake ƙarawa.
Ta girgiza kai.
Wata bakwai da rabin ganinta ke ciki.
Ta lulluɓe jaririn da ke barci.