Haƙoran Zarto

Ilu ya kawo su cikin kwalbar maganin tari,
ƙwari shida, jiki ruwan ɗorawa, kai baƙi.
Ya ce, “Malama, duk jirgi ɗaya ya kwaso su,
su suka mai da kabejina rariya.
Faɗa min abin da zan fesa in tafi,
yau layinmu ke da ruwa a Kadawa.”

Na ce ya zauna.
A ido kam ɗaya ne,
fiffike ɗaya, riga ɗaya, kamar masu anko.
Namijin ba shi da abin da zai gaya min,
na ture shi gefe da bakin allura.
Matan nake nema.

A ƙarshen cikin kowacce akwai kube,
cikin kuben wani abu da ya fi gashin ido siranta.
Na zaro shi da hantsaki, numfashi a riƙe,
na kwantar kan gilashi cikin ɗigon ruwa,
na sunkuya kan madubi mai ƙara girma.

Zarto ne.
Ba kamar zarto ba. Zarto,
ruwa biyu masu gogar juna,
da shi take tsaga gefen ganye
ta cusa ƙwai ɗaya, ta matsa gaba,
ganyen bai ma san an shige shi ba
sai ranar da tsutsa ta fito da yunwarta.

Nan Baba yake zuwa, kullum, ba sallama.
Barau kafinta, na bayan kasuwar Garun Malam,
wanda yana ta rufe wa ido shekara bakwai
amma ba a daina kawo masa wasa ba.
Sai ya bi haƙoran da babban yatsa,
a hankali, kamar mai jan carbi,
ya ce, “Wannan na Ɗanlami ne, yana danne hannun hagu.
Wannan ya ci ƙusa a maɗaci.
Wannan ba a yi shi don ɗanyen itace ba,
wa ya zalunce shi?”
Ni ce mai riƙe masa wutsiyar katako,
garin itace har cikin kitsona.
“Lantana, bar kallon ƙota,
ƙota kwalliya ce.
Haƙori ke faɗin aikin da aka yi abu dominsa.”

To, na ƙirga.
Ta farko, haƙora gajeru, a jere, masu kaifin baya.
Ta biyu haka. Ta uku. Ta huɗu.
Ta biyar na ƙirga sau uku, na goge idona da mayafi:
nata sun fi tazara,
bakinsu a daƙile, kamar dutsen cikin rafi.
Wani ganye aka yi wa wannan,
wataƙila ciyawar bakin kwata,
wataƙila wadda ban san sunanta ba tukuna.
Tsautsayi ne ya sa ta sauka inda ake kamu.

Na ce, “Huɗu ne ɓarayinka, Ilu.
Wannan baƙuwa ce.”
Ya yi dariya, ya ce ƙwaro ai ƙwaro ne,
ya dubi rana ta taga, ya dubi takalminsa.
Na matsa masa kujera.

Ya cire hula, ya rufe ido ɗaya da tafi.
Ya daɗe.
A waje injin ban ruwa na wani ya tashi, ya mutu, ya sake tashi,
bai ɗago ba.

Da ya ɗago, muryarsa ta yi ƙasa.
“Ikon Allah,” in ji shi.
“To ita, wa ke wasa mata?”

Ban amsa ba.
Magagarin Baba na cikin aljihun teburin nan,
naɗe a tsumma, kusa da alluraina.
Na rubuta kwanan wata a 'yar takarda,
na rubuta Kadawa, gonar Ilu,
wurin suna na bar shi fari.