Amya ta Tara

Shekara goma sha ɗaya ba mu gaisa ba, ni da ƙanena Jernej,
a kan taku huɗu na ƙasa
da bishiyar tuffa guda da mahaifinmu ya manta bai ce ta wane ce ba.
A kasuwar Radovljica in na hango koriyar hularsa
sai in tsaya taya albasar da ba zan saya ba.

A watan Janairu ya tafi, yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofarsa.
Da hantsi ne. Ina jin kartar shebur ɗinsa daga kicin,
na kuma ji sa'ad da ta tsaya.
Na ce a raina, rago, har ya gaji,
na ƙara wa kaina shayi.

Wata uku na yi shayin nan bai wuce maƙogwarona ba.
An ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take.
Tawa a gaba ta tsaya,
ita ke ɗage mini labule kowace safiya
ta nuna mini rufin gidansa, ba hayaƙi.

'Yarsa Nuša ta zo daga birni ta kulle gidan,
ta miƙo mini mabuɗin rumfar zuma.
Ta ce, Baffa, ni ban san kansu ba. Amya tara ce.
Baffa ta ce mini,
ni da ban taka wurin bikinta ba.

Sai Afrilu na iya shiga.
Takwas shiru, warin rima,
gawarwaki a ƙasa kamar ƙonannen riɗi.
Ta tara, wadda ya zana wa jan zakara mai karkatacciyar ƙafa,
na kara kunne a jikinta,
na ji guna-guni can ciki,
kamar tukunya na shirin tafasa.

A bayan ƙyaure ya yi rubutu da fensir, layi bisa layi:
ranar da lipa ta yi fure,
ranar da sanyi ya kashe masa uwar zuma,
sannan, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
Bojan na tari tun Talata. Wa zai ce masa ya ga likita?

Na zauna a kan bokiti.
Ban san tsawon zaman ba.

Zdenka maƙwabciya ce ta koya mini hura hayaƙi,
tana zagina duk sanda na yi garaje.
Ta ce zuma ba ta son mai fushi, tana jin warinsa.
Na ce to ai ni za su cinye.
Ta ce, sannu dai, tsoho.

A watan Yuni suka yi ƙaura da tsakar rana,
baƙin gajimare mai ƙugi ya tashi ya ƙetare shinge,
bai sauka ko'ina ba duk faɗin kwarin Sava
sai a kan tuffar nan,
a reshen da ya leƙo gefena.
Ina da shekara sittin da takwas na hau tsani da kwando,
Zdenka na riƙe da ƙafarsa tana kiran sunayen waliyyai,
ɗaya ta harbe ni a kan hanci,
sai na ji wata ƙara ta fito daga ƙirjina,
mai tsatsa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.
Ashe dariya ce.
Har tsanin na rawa.

Ban ce na warke ba.
Har gobe in na ji shebur a kan dutse ina ajiye kofi.
Amma bana kwalba goma sha huɗu muka tace,
na aika wa Nuša shida,
na lashi cokali a tsaye, rana na dukan bayana,
ya yi zaƙi, kuma na bar shi ya yi.

Jiya na ɗauki fensirinsa.
Ƙarƙashin layinsa na ƙarshe na rubuta:
Na je. Ya ce ba komai ba ne.