Zobe Na Shida

A ɗakinmu na Birni, gindin duwatsu,
akwai wani icce mai ƙafa uku,
tsawonsa kamu guda da ɗan ragowa,
kansa da ɗan gurbi kamar tafin jariri.
Kirya ce.
Gara ta zo sau da dama, ta koma da yunwarta.

Kakana Kiyari ya sassaƙa shi
a shekarar da ba wanda ya rubuta.
Wani akawun Nasara ya kawo zane a takarda,
yana son abin da zai riƙe masa kyandir.
Kafin gizago ya gama faɗin nasa
aka ɗauke akawu zuwa Gure.
Ya tafi da kuɗin aiki,
ya bar mana mazaunin haske.

Dubi wuyansa: zobe bakwai,
na shida ya ɗan karkace.
Inna ta ce a kansa ake
aka shigo da albishirin haihuwarta,
hannun tsoho ya yi rawa,
kuma ya ƙi gyarawa.
Ba ƙusa a jikinsa, ba gam.
Icce ya shiga icce, suka riƙe amana.

Kujerar tsakar gida da ya yi ta tsage,
akusan sun bi 'yan rabon gado,
gadon maɗaci mun sayar a shekarar fari.
Yanzu a kasuwar Dole kujerun roba ne
jibge kamar faranti,
ni kuwa, jikan Kiyari, katin waya nake sayarwa.
Gizagonsa na rataye a zaure,
in na wuce sai in sunkuyar da kai.

Shekaranjiya dillali ya zo daga Yamai,
ya juya shi, ya shinshina,
ya kankare tsohon kakin da farce,
ya ce jikka arba'in,
da ma ba don wannan karkatar ba, da ya ƙara.
Na ba shi ruwa ya sha.
Na raka shi har bakin hanya.

Daren nan an ɗauke wuta tun magariba.
Zuwera ta kafa kyandir ɗin dala ashirin a gurbin,
ta buɗe littafin lissafi.
Tana ƙirga, yatsanta na yawo a wuyan iccen,
ɗaya, biyu, uku,
in ta kai na shida
sai ta ɗan tsaya.