Hoton da Ke Shagon Saje Manu

A Kumo, bakin titin Yola,
inda tirela ke girgiza mini kwalaben shago,
akwai hoton da rana ta shanye wa launi.
Mu goma sha biyu a tsaye,
shi kaɗai a zaune: Janar, Baturke,
gashin baki kamar ƙahon ɓauna.

Shi ya riƙe mu a aikin kwantar da tarzoma,
ƙasar ba tamu ba, ba tasa ba.
Sunansa ya ƙi zama a harshenmu
sai muka sa masa Baba Shayi,
don ɗan kofin nan mai siririn ƙugu
ba ya barin hannunsa ko ana ruwan harsashi.

Ran da nakiya ta ɗauke ƙafar Yila ɗan Kaltungo,
shi ya zare bel ɗinsa ya ɗaure cinyar.
Ganau nake, ba jiyau ba.
Jini har gwiwar hannu,
yana ta bisimilla da irin lafazinsu.

Jiya Giɗaɗo jikana ya shigo da waya,
ya ce, Kaka, mutuminka ya cika.
Ya karanto mini taurari huɗu,
da lambobin da suka cika ƙirji,
sannan ya ja yatsa ƙasa, ya yi tsit.
Na ce, ƙarasa mana.

Ƙauyuka ne, can cikin duwatsun ƙasarsu.
An ba su awa guda su kwashe.
Garke ya ƙone da tumakin a ciki.
Wani malamin makaranta, mota ta ɗauke shi da asuba,
uwarsa tana zaman dandali da hotonsa
har gashinta ya koma auduga.
Kotu ta kira, ya zo dogare da sanda,
aka ɗage, aka sake ɗagewa,
mutuwa ta riga alƙali yanke hukunci.

Na ƙirga shekarun da yatsu.
Shekara uku kafin ya zo mana.
Ashe hannun da ya ɗaure cinyar Yila
ya riga ya san ƙaurin hayaƙi.

Na kira Yila da dare.
Ya daɗe bai ce uffan ba, ina jin numfashinsa.
Ya ce, Manu, 'ya'yana bakwai,
duk bayan bel ɗin nan aka haife su.
Me kake so in ce?
Na ce, ita ma matar can ɗa ta haifa.
Katinmu ya ƙare a nan.

Da safe na sauke hoton.
Sai ga fuskokinmu, mu sha biyu,
biyar sun riga mu gidan gaskiya,
kuma ba ni da wani hoton nasu.
Almakashi na cikin aljihun tebur.
In na yanke shi, hannun Yila zai tafi,
don a kafaɗarsa ya dafa.

Mai sayen batir na jira a ƙofa.
Na kife hoton kan buhun sukari,
na ce masa, ina zuwa.