Kibiya Marar Gashi

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas
daga Yecheon zuwa Andong, in juyo.
Na san kukan inji in mai ya yi ƙasa,
na san taya in ta fara cin gefe.
Ranar da na miƙa makulli
na sayi baka mai lanƙwasassun kunnuwa,
ban ma san yadda ake ɗaura tsirkiya.

Filin yana bayan gonakin shinkafa,
an yi girbi, ƙasa sai kututture.
Bong Hyeryon ce mai koyarwa,
sa'ar 'yar autata,
ba ta da yawan magana, sai ido.
Na ɗana, na ja, na saki:
bakan ya yi ƙara kamar an yar da faranti,
damtsena ya sha bulala, ya yi shuɗi,
ni da nake taƙama da riƙon sitiya.

Na ce laifin kayan ne.
Dare uku ina zaune da ma'auni
ina gwada tazarar baka da igiyarsa,
in murɗa, in warware, in rubuta a bayan rasit.
Matata Okbun tana feraye kanya
tana rataye su jere-jere a baranda,
ta ce, "Wanda bai iya rawa ba,
kullum ganga ce ba ta da lafiya."

Da safe Hyeryon ta buɗe kwarina,
ta zaro ɗaya, ta fige gashinta tas.
Uku masu gashi, ta ce, sannan wannan.
Masu gashin suka taru kamar ƙawaye.
Tsirarar ta bi hagu, ta yi ƙasa,
ta tsaya can ita kaɗai, a karkace.
"Gashi yana rufa maka asiri," in ji ta,
"wannan ce kawai ke faɗin gaskiya."

To mu gyara, na ce, ina laluben aljihu.
Ta girgiza kai.
Ba a saita baka ga hannun da bai zauna ba.
Je ka harba ɗari shida iri ɗaya,
ƙafa wuri ɗaya, yatsu ƙarƙashin haɓa,
ka dawo mu yi maganar kibiya.

Na ji haushi. Na tafi. Na harba.
Sanyi ya shigo, kanyar baranda ta yi fari,
tsoho Pyo Sangdok na gefena
yana kawo shayin sha'ir a gora,
yana ƙirga mini in na manta lissafi,
yana ƙara goma in ya ga na gajiya.

Sai ran nan ta zo da zare da almakashi.
Ƙullin da gindin kibiya ke zama
ta sauke shi faɗin ƙwayar shinkafa.
Maɓallin gefe ta sassauta rabin juyi.
Tsini ta sauya, mai ɗan nauyi.
Shi ke nan? na ce. Shi ke nan.
Murɗin tsirkiya kuwa ta bar mini:
ɗaya-ɗaya, kana harbi kana sauraro.
A na huɗu yana tari.
A na shida yana gunaguni.
A na bakwai ya yi wani gajeren "dum"
irin na inji da ya sha sabon mai
yana jiran fasinja da sassafiya.

Tsirarar ba ta shiga tsakiya ba,
kada in ƙara wa miya gishiri.
Ta dai sauka cikin 'yan'uwanta,
tazarar yatsu uku, a miƙe.
Na je cirewa, na daɗe a tsaye,
har Sangdok ya ɗaga murya daga layi:
"Direba, ka ba mutane hanya,
akwai masu jiran tafiya!"